Kwamfuta, Na'urar Gem Da Monita Mai Ƙusumbi: Inda Gizo Ke Saƙar A Batun 15kHz

Mutum ya samu monitar Sony PVM, irin mai ƙusumbin nan da gidajen talabijin da ɗakunan tace bidiyo suka daɗe suna aiki da ita. Ya ɗauko ta da ƙyar, domin mai inci 20 tana kai kusan kilo 30. Ya nemo waya mai kan VGA na kwamfuta a gefe ɗaya, kawunan BNC masu shiga bayan monitar a ɗaya gefen, ya jona da kwamfutarsa don ya buga tsofaffin wasannin gem, ya kunna. Abin da zai gani shi ne hoto ya rabu biyu gefe da gefe, ko layuka suna ta gudu a karkace, wani lokaci har da wani siririn fito daga cikin akwatin. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an sayar masa da matacciya. Alhali lafiyarta lau. Kwamfutar ce take aiko mata da hoto da saurin da ya ninka nata sau biyu, kuma idan ya bar ta a haka tana fama, yana iya kashe ta da hannunsa.

Duk wanda zai shiga wannan harka sai ya fara sauke wani tunani da allunan zamani suka ɗora mana. Allon wayarka ko talabijin ɗinka na bango yana da ɗigo-ɗigo a jere, adadinsu a ƙirge yake tun daga masana'anta, 1920 a kwance, 1080 a tsaye, ko abin da ya fi haka. Kowane hoto ya zo, sai an miƙar da shi ko an matse shi ya dace da wannan adadi. Monita mai ƙusumbi ba haka take ba. Ita ba ta san ɗigo ba sam. Lokaci kawai ta sani.

Allonta wata babbar kwalbar gilashi ce. A can ƙarshen wuyan kwalbar akwai bindigar da ke harbo ilektiron zuwa fuskar gilashi, inda aka shafa sinadarin fosfo mai yin haske idan an buge shi. Harbin guda uku ne, na ja, na kore, na shuɗi. Naɗin wayar da ke wuyan kwalbar yana jan harbin da maganaɗisu daga hagu zuwa dama, ya zana layi ɗaya, a kashe shi, a dawo da shi hagu, a ɗan sauko ƙasa, ya sake zana wani. Ka ɗauka manomi ne ke huɗa da garmar shanu: akwai lokacin da garma ke cikin ƙasa tana tada kunya, akwai kuma lokacin da aka ɗaga ta ana juya shanu. Lokacin juyawar ba ya tada kunya ko ɗaya, amma ba makawa sai an lissafa da shi, kuma wanda ya gaggauta shanu a wurin juyi shi zai ga kunyarsa ta karkace. Dukkan abin da ake kira tsara girman hoto na musamman a kan irin wannan monita, lissafin waɗannan lokuta biyu ne.

To, layi nawa take iya zanawa a daƙiƙa? Tsarin talabijin na Amurka da Japan, wato NTSC, yana da layi 525 a cikakken hoto, kuma yana zana layi 15,734 a daƙiƙa. Tsarin PAL, wanda Nijeriya ta yi aiki da shi, yana da layi 625, yana zana 15,625 a daƙiƙa. Nijar ta bi SECAM irin na Faransa, wanda ya bambanta da PAL a yadda yake ɗaukar launi, amma adadin layi da saurinsu ɗaya ne. Waɗannan alƙaluma biyu da suke kusa da juna su ne masu harkar ke taƙaitawa su ce 15kHz, wato kusan sau dubu 15 a daƙiƙa. Ita kuwa kwamfuta, tun da kamfanin IBM ya fito da VGA a 1987, mafi ƙarancin saurinta na yau da kullum shi ne layi 31,469 a daƙiƙa. Ka lura da kyau, wannan ninki biyu ne cif na 15,734. Shi ya sa hoton ke rabuwa biyu: a lokacin da monita ke zana layi ɗaya, kwamfuta ta riga ta turo biyu.

Haɗarin kuma ba wasa ba ne. Da'irar da ke jan harbin daga hagu zuwa dama an ƙera ta ne don wannan sauri kaɗai, kuma daga gare ta tiransifomar da masu gyara ke kira filaibak take samun bugun da take haɗa wutar nan mai ƙarfi ta kwalba, wadda ke haura bolt dubu ashirin. Idan ka tilasta mata saurin da ba nata ba, tiransistar da ke riƙe da wannan aiki na iya ƙonewa. Wasu monitocin suna da kariya, sai su ƙi nuna komai. Wasu ba su da ita.

Dabarar 240p

A talabijin na watsa shirye-shirye, ba a zana layukan hoto duka a zagaye ɗaya. Ana zana na ɗaya, na uku, na biyar har ƙasa, sannan a koma sama a cike na biyu, na huɗu, na shida. Wannan zanen tsallake shi ne harafin i da ake gani a 480i da 576i. Abin da ke sa zagaye na biyu ya faɗa tsakanin layukan na farko shi ne rabin layi: kowane zagaye a NTSC layi 262 da rabi ne, wannan rabin ne ke gusar da wurin farawa.

Masu ƙera na'urorin gem na shekarun 1980 sai suka yar da rabin layin nan. Famicom ta Nintendo da ta fito a 1983, da Mega Drive ta Sega ta 1988, da Super Nintendo, duk suna turo layi 262 cif a kowane zagaye. Tun da babu rabi, harbin yana komawa daidai kan layukan da ya zana ɗazu, sau sittin a daƙiƙa, wuraren da zagaye na biyu zai cike kuma su zauna baƙaƙe. Waɗannan su ne baƙaƙen layukan da masoya tsofaffin wasanni ke nema ido rufe. Wannan yanayi shi aka laƙaba wa 240p daga baya, harafin p yana nufin zanen layuka a jere ba tsallake. Babu wata hukuma da ta kafa shi a matsayin ƙa'idar watsa shirye-shirye. Wayo ne da talabijin mai ƙusumbi ta karɓa ba tare da ta san an yi mata ba, domin ita dai bugun lokaci take bi, wato siginar da ke gaya wa harbin lokacin da zai koma farko.

Talabijin na bango kuwa yakan ɗauki 240p a matsayin 480i, ya tsaya yana ƙoƙarin haɗe rabi biyu da babu su. Sakamakon shi ne hoto mai dishi-dishi da jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin motsi. Firem ɗaya, wato zagaye ɗaya na hoto, a 60Hz (sau sittin a daƙiƙa) bai kai milisakan 17 ba, jinkirin firem biyu ko uku kuwa ya isa ya ɓata wa mai wasan faɗa lissafi. Mai ƙusumbi ba ta ajiye hoto ta jira komai. Wutar da ta shigo ta waya yanzu, ita ce hasken da ke kan gilashi yanzu.

Wanda ya taso yana zuwa gidan gem a unguwa zai tuna wani abu da wataƙila bai san dalilinsa ba. Na'urar da aka yo don kasuwar Turai tana bin 50Hz, da layi 312 ko 313 a zagaye. Wasanni da yawa da aka rubuta a Japan don 60Hz ba a gyara su ba da aka kai su Turai, sai suka riƙa tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin ɗari, kiɗansu ma wani lokaci ya yi sanyi, ga baƙin fili a sama da ƙasan hoto. Haka kuma idan aka jona na'urar Amurka da talabijin da PAL kaɗai ta sani ta wayar nan mai rawayan kai, sai hoto ya fito ba launi. Duk tushen abin ɗaya ne.

Yadda ake lissafin

Abin da kwamfuta ke buƙata don ta fitar da hoto na musamman jerin alƙaluma ne da ake kira modlain. Suna da ban tsoro a ido, amma idan ka riƙe misalin huɗa, babu wani sihiri a ciki.

Ɗauki layi ɗaya na 15kHz. Tsawon lokacinsa kusan maikrosakan 63 da rabi ne. Daga ciki, kusan 52 ne hoto ke bayyana. Ragowar 11 ɗin an kasa su uku. Da farko akwai ɗan shiru na kusan 1.5 bayan hoto ya ƙare. Sai bugun lokaci na kusan 4.7, wanda ke ce wa harbin ya koma hagu. Sai wani shirun na kusan 5, wanda ke ba shi damar isa ya natsu kafin sabon layi ya fara. A tsaye ma haka abin yake, sai dai da layuka ake ƙirgawa maimakon maikrosakan.

Bari mu gina guda ɗaya. Muna son layi 240 na hoto. Mu sa layi 3 na shirun gaba, 3 na bugun lokaci, 16 na shirun baya. Jimla 262. Muna son zagaye 60 a daƙiƙa, saboda haka 262 sau 60 ya ba mu layi 15,720 a daƙiƙa, wanda ke cikin abin da monita za ta karɓa hankali kwance. A kwance kuma muna son ɗigo 320. Mu ƙara 9 na shirun gaba, 29 na bugu, 32 na shirun baya, jimla 390. Yanzu 390 sau 15,720 ya ba mu kusan miliyan 6.13. Wannan shi ne agogon ɗigo, wato adadin ɗigon da katin hoto zai furzar a daƙiƙa, 6.13MHz. Shi ke nan. Agogon ɗigo, a raba da jimlar kwance, ya ba ka saurin layi. Saurin layi, a raba da jimlar tsaye, ya ba ka saurin zagaye.

Daga nan kake iya gyara hoto ba tare da ka taɓa cikin monita ba. Hoto ya yi hagu da yawa? Ƙara shirun baya, ka rage na gaba daidai gwargwado, jimla ta zauna yadda take. Ya yi faɗi har gefuna sun ɓuya? Ƙara shirun duka biyu ka ɗaga agogo, don hoton ya ci ƙasa da maikrosakan 52. Abin da ba ka da iko a kansa ta wannan hanya shi ne tsayin hoto, domin tazarar layi da layi monita ce ke yanke ta. Kuma ga iyakar da ba ta ƙetaruwa: tun da saurin layi a daskare yake kusa da 15,700, duk layin da ka ƙara sai saurin zagaye ya ragu. Ba za ka samu layi 480 a jere a 60Hz ba. Ko dai 240 a jere, ko 480 na tsallake.

Wani zai ce, to a yi modlain ɗaya mana a huta. Ai nan ne harkar ta yi daɗi, kuma nan ne ta yi wuya. Na'urorin nan ba su taɓa haɗuwa a kan sauri ɗaya ba. Super Nintendo tana zana 256 a 224, a kusan 60.1Hz. Mega Drive tana yin 320 a 224, a kusan 59.92. Neo Geo ta gidajen wasa tana kusan 59.19. Allunan CPS na kamfanin Capcom suna yin 384 a 224, a kusan 59.64. Allon M72 na kamfanin Irem kuwa yana da layi 256 na hoto, shi ya sa ya sauko har kusan 55Hz, daidai da iyakar da muka faɗa yanzu. Idan ka tilasta wa wasan 55Hz ya zauna a 60, ko dai ya yi gudu fiye da yadda aka yi shi, ko kuma ka ga hoto yana ɗan tuntuɓe lokaci-lokaci idan fili na tafiya gefe. Monitar tana iya bin kowanne daga cikin waɗannan ba gardama. Aikin shi ne a sa kwamfuta ta riƙa sauya lissafi da kanta duk sanda aka buɗe sabon wasa. Manhajar Switchres ke yin wannan, kuma ita ce ke cikin GroovyMAME, manhajar buga tsofaffin wasanni a kwamfuta, haka takwaransa RetroArch ma yana da sashen da ke aiki da ita.

Kwamfutar da ba ta son yin a hankali

Abin mamaki, wahalar kwamfutar zamani ita ce rage gudu. Matsala ta farko ita ce katunan hoto sun daina fitar da siginar analog. Nvidia ta cire ta daga jerin GTX 10 na 2016, AMD ma ta bar ta a jerin RX 400 na wannan shekarar. Shi ya sa tsofaffin katunan Radeon, irin HD 5450 da 'yan'uwanta na jerin 5000 zuwa 7000, suka sake yin daraja a wannan fage duk da arharsu. Akwai direba ta musamman mai suna CRT Emudriver, wadda wani mai shirya manhaja da aka sani da laƙabin Calamity ya gyara daga direbobin AMD, don Windows ta yarda ta fitar da 15kHz. Tana zuwa da VMMaker mai ƙirƙiro modlain da yawa lokaci guda, da Arcade OSD da ake gwada su ana daidaitawa. A Linux kuma umarnin xrandr yana karɓar modlain kai tsaye, kuma akwai GroovyArcade da aka haɗa don wannan aiki kaɗai.

Matsala ta biyu ita ce agogon ɗigo. Idan ta HDMI ko DVI za ka fita, ka bi ta 'yar na'urar da ke mayar da shi VGA, ƙa'idarsu ba ta sauka ƙasa da 25MHz, mu kuwa lissafinmu ya ba mu 6.13. Maganin da aka samo yana burge ni har yau, domin ya fito ne daga fahimtar cewa monita ba ta ƙirga ɗigo. A ninka komai na kwance sau takwas: 2560 na hoto, 72, 232, 256, jimla 3120. Agogo ya koma kusan 49MHz, ya haye shingen. Kwamfuta tana ganin wani dogon hoto siriri mai 2560 a 240, monita kuwa ba ta ga wani canji ba, layinta na nan a maikrosakan 63 da rabi. Kowane ɗigo na wasan an maimaita shi ne sau takwas a jere. An zaɓi 2560 ne don 256 na shiga cikinsa sau goma, 320 sau takwas. Shi 384 ba ya shiga daidai, amma ɗigon sun yi ƙanƙantar da ido ba ya kama bambancin. Wanda ya matsa kuma yana iya ɗaukar 3840, wanda ukun duka ke shiga ba saura. Wata riba kuma ita ce faɗi ɗaya ya wadatar, tsayi da saurin zagaye kaɗai za a riƙa sauyawa.

Sai matsala ta uku wadda ke cin mutane ba su ankara ba. Ko ka gama saita komai, daga lokacin da ka danna maɓallin kunna kwamfuta zuwa lokacin da direba ta tashi, hoton farko na fitowa ne a 31kHz. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar monita a kashe, ko a wata tasha, sai kwamfuta ta gama tashi. Kuma tun da wayar BNC ba ta da hanyar da monita za ta gabatar da kanta ga kwamfuta, kamar yadda allunan zamani ke yi ta bayanan EDID, sau da yawa kwamfuta za ta ɗauka babu komai a jone. CRT Emudriver tana da zaɓin ƙirƙiro wannan bayani na aro.

Wanda ba ya son wannan ɗawainiya yana da gajerun hanyoyi. Raspberry Pi tana iya fitar da 240p, ko ta wayar bidiyo ta gama-gari mai rawayan kai, ko ta ƙananan alluna irin VGA666 da ake ɗorawa a kan filoginta. MiSTer kuma, aikin da Alexey Melnikov ya fara a 2017 a kan allon DE10-Nano na kamfanin Terasic, yana sake gina da'irar tsohuwar na'ura ne a cikin guntun FPGA, wanda ake iya sake tsara da'irar cikinsa, saboda haka lokacin da yake fitarwa shi ne na asalin na'urar, ba sai ka rubuta modlain ba.

Waya da bugun lokaci

An samu lissafi daidai, amma tsugune ba ta ƙare ba. VGA tana ɗauke da sigina biyar: ja, kore, shuɗi a filogi na 1, 2, 3, sai bugun kwance a na 13, bugun tsaye a na 14. Yawancin PVM kuwa ramuka huɗu gare su a layin RGB, wato inda ja, kore da shuɗi ke shiga kowanne da wayarsa, domin bugun biyu a haɗe suke son su cikin waya ɗaya. Wasu sukan murɗe wayoyin biyu wuri guda da mahaɗi mai siffar T, wani lokaci ya yi aiki, amma ba na ba da wannan shawara, domin kana haɗa mafita biyu ne suna ture juna. Abin da ya dace shi ne ƙaramar da'irar haɗawa, ko akwatunan Extron da ake samu na hannu, ko ka sa direba ta fitar da haɗaɗɗen bugu ta filogi na 13, abin da CRT Emudriver da MiSTer duka suna iyawa. Sannan kar ka manta da maɓallin EXT SYNC a gaban monita. Idan ba a danna shi ba, za ta riƙa neman bugun a cikin koren waya, hoto ya yi ta birgima.

Ƙarfin siginar ma abin lura ne. Launukan uku ba sa wuce bolt 0.7, kuma an tsara su ne su tarar da nauyin om 75 a ƙarshen tafiyarsu. Monitocin aiki suna da ramin shiga da ramin fita, don a iya jera su kamar carbi a ɗakin kula da shirye-shirye. Wasu na rufe ramin fita da kansu, wasu kuma, musamman cikin BVM, wani jerin monitocin aiki na Sony, sai ka toshe shi da murfin om 75. In babu murfin, ƙarfin siginar ya kusan ninkawa, fari ya ƙone, launuka su wanke. Mutane da yawa sun shiga menun gyara suna ta murɗe-murɗe saboda wannan, alhali murfi uku ne maganin. Bugun lokaci na kwamfuta kuma yana kai bolt 5, yayin da kayan SCART, faffaɗan ramin nan na talabijin ɗin Turai, ke sa ran abin da bai wuce bolt ɗaya ba. PVM da yawa na jure babban, amma talabijin na gida da akwatunan sauya tasha ba lallai ba, shi ya sa ake sa resisto na om 470 a kan layin.

Na'urorin gem sun fi sauƙi ta fuskar lokaci, tun da 15kHz yarensu ne na gado. Tasu rigimar a waya take. Mega Drive, Super Nintendo ta farko, Saturn, PlayStation ta ɗaya da ta biyu duk suna fitar da RGB ba tare da an buɗe su ba. NES, wato Famicom ta kasuwar Amurka da Turai, da Nintendo 64 kuwa sai an yi musu aiki a ciki. Kowace na'ura da abin da wayarta ke buƙata: ta Mega Drive tana son resisto na om 75 da kafasito a kan kowane launi. Ga wani tarko da ya kamata kowa ya sani: filogi na 3 a bayan Super Nintendo ta Amurka bugun lokaci yake fitarwa, amma a ta Turai bolt 12 ne a wurin. Ramin iri ɗaya ne, waya za ta shiga lafiya lau. Wanda ya sa wayar Amurka mai ɗaukar bugu daga wannan filogi a na'urar Turai ya aika bolt 12 inda ake jiran abin da bai kai ɗaya ba. PlayStation 2 kuma, idan wasa ya koma 480p, tana mayar da bugun cikin koren waya, sannan saurin ya zama 31kHz, wanda monita mai 15kHz kaɗai ba za ta nuna ba. Idan kuma ka ga saman hoto ya lanƙwashe kamar tuta, bugun tsaye na wannan na'ura ne bai yi wa monita daɗi ba; wasu BVM suna da zaɓin VCR MODE da ke sassauta musu.

Wace monita?

Sony ta fito da Trinitron a 1968, ta daina ƙera shi a 2008, saboda haka duk wadda za ka samu yau tsohuwa ce, wasu sun yi dubban awoyi a kunne. Ana auna kaifinsu da TVL, wato adadin layukan tsaye fari da baƙi da ake iya bambancewa a faɗin da ya yi daidai da tsayin allo. PVM-20M2 tana da 600, PVM-20M4 tana da 800, BVM-20F1 tana da 900. Akwai kuma masu karɓar sauri fiye da ɗaya, irin PVM-20L5 da jerin BVM-D, waɗanda ke nuna 240p har zuwa 1080i, kuma su ne suka fi tsada. JVC da Ikegami ma sun yi nasu masu kyau ƙwarai, sunansu ne kawai bai yi amo kamar na Sony ba.

Ra'ayina a nan shi ne an zuzuta waɗannan monitoci fiye da kima, har sabon shiga yana ɗauka in ba PVM ba, ba a fara ba. Yawan kaifi yana sa baƙaƙen layuka su yi kauri, wasu na son haka, wasu na ganin hoton ya zama kamar ana leƙensa ta asabari. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kuma masu zanen wasannin sun san a talabijin na gida za a buga su. Ruwan da ke zubowa daga tsauni a wasan Sonic na farko siraran layuka ne a tsaye, waɗanda wayar bidiyo ta gama-gari ke narkarwa su zama kamar ana hango bayansu. A RGB mai kaifi sai ka ga layukan tsirara. Abin da ya fi tasiri ga ido da hannu shi ne a samu 240p na gaskiya a saurinsa na asali, kuma wannan talabijin na gida ma yana bayarwa.

A nan muna da wata dama da mutanen Amurka ba su da ita. Talabijin na gwanjo da aka riƙa shigowa da su daga Turai, da yawansu suna da faffaɗan ramin nan mai filogi 21 a baya, wato SCART, wanda Faransa ta ƙirƙiro. Galibi ramin farko yana karɓar RGB kai tsaye, launi a filogi na 15, 11 da 7, bugu a na 20, muddin an ba filogi na 16 ɗan wuta tsakanin bolt 1 zuwa 3 don ya shaida wa talabijin cewa RGB ne ke zuwa. Da RGB kuma rigimar PAL da NTSC ta launi ta faɗi, saura kawai talabijin ya iya riƙe 60Hz, kuma yawancin na shekarun 1990 zuwa sama suna iyawa. Irin waɗannan suna nan jibge a shagunan masu gyara, ƙura na cin su.

Kafin ka sa kowace irin monita a wuta, karanta takardar da ke manne a bayanta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Wasu monitocin aiki suna karɓar 100 zuwa 240, wasu ba sa yi, haka ma cajojin tsofaffin na'urorin gem. Sa sitabilaiza a tsakani, domin kayan gyaran waɗannan ba a ƙera su yanzu. Kada ka buɗe bayanta in ba aikinka ba ne, kwalbar na riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Kai wa tsohon mai gyaran talabijin da ya san yadda ake sauke ta.

In komai ya haɗu, gwajin farko shi ne manhajar 240p Test Suite ta Artemio Urbina, wadda ake samu kyauta don na'urori da dama. Buɗe hoton raga, ka danna UNDERSCAN a PVM don ka ga gefuna huɗu duka, ka duba ko murabba'an sun fito daidai. Sannan ka buɗe gwajin inuwa mai ƙyaftawa. Idan inuwar tana ƙyaftawa sumul, kamar ana ganin abin da ke bayanta, 240p kake kallo. Idan ta rikiɗe ta zama layuka-layuka a kwance, ko ta tsaya cak, ko ta ɓace, akwai wani abu a tsakanin na'ura da monita da ke taɓa hoton, sai ka bi waya ɗaya bayan ɗaya har ka gano shi.